Turmin da Ya Rage a Akwatin Uwarki

Zuwa ga autata Rahila,

Ina gaishe ki da sunan Ubangiji wanda ya sauke ki Zariya lafiya. Yaya karatu, yaya baƙunta? Ruwan can ya karɓe ki? Kullum na durƙusa sai na roƙi Allah ya tsare fitarki da shigarki, ya raba ki da ciwo da muguwar ƙawa. Mu nan Kakuri muna nan yadda kika bar mu, gwiwar nan tawa ce dai take gardama in hadari ya haɗu.

Kin san ban yi boko ba. Hannun da kike gani a takardar nan na Baba Sani tela ne. Ina zaune kan bencin shagonsa a Makera, ina faɗa yana rubutawa, na kuma gargaɗe shi ya bar maganar yadda ta fito daga bakina, kada ya yi mata kalmasa kamar bakin zane. Ya ce, "Yakubu, duniya tana waya kai kana wasiƙa?" Na ce wayar ai na buga, ba a ɗauka. Takarda kuwa ko an ƙi ta yau, gobe tana nan inda aka ajiye ta.

Yayanki Bitrus ya gaya mini kin nemi kuɗin abinci a wurinsa, zango bai ko kai rabi ba. Ya ce kin roƙe shi kada in ji. Kada ki ga laifinsa, ni na tsare shi. Ya kuma ce masu babur suna nan suna kai miki ledojin kaya har ƙofar ɗakin kwananku, kamar yadda suka riƙa kawowa nan. Auta, kin san inda kuɗin makarantarki ya fito. Gonar Kakau na jinginar, kuma ba ni da wata. In kuɗin zangon nan ya tafi a riguna, ba ni da ƙofar da zan ƙwanƙwasa, gida za ki dawo ki zauna. Wannan shi ya hana ni sukuni.

Amma ba faɗa na zo yi ba. Faɗan na riga na yi shi, na kuma yi shi da muni. Yau labarina zan ba ki, wanda ya kamata ki ji tun kafin ki ɗaure kaya.

Na sauka Kaduna daga ƙauyenmu da riga ɗaya, ita ce ta aiki, ita ce ta coci. In na wanke ta sai in zauna a ɗaki har ta bushe. Lokacin Kakuri ba haka take ba. In jiniyar masaƙa ta yi kuka da safe, titi ya cika da mutane da kekuna har ba inda za ka jefa allura, masu ƙosai da masu koko suna ta ciniki. Aka ɗauke ni a sashen buga zane, inda farin yadi ke shiga inji ya fito atamfa. Nan na haɗu da wannan mai rubutun, shi yana gefe ɗaya na injin ina ɗaya gefen. Ranar farko wani helma, mai kula da mu ma'aikata, ya dubi rigata ya ce, "Kai, da wannan aka haife ka?" Aka yi dariya. Ni ma na yi. Amma dariyar nan ta shige mini ƙirji ta zauna, kuma ban san ta zauna ba sai bayan shekaru.

Akwai kantin ma'aikata a bakin ƙofar masaƙa. Ba a biyan kuɗi a hannu. Ka nuna turmin da kake so, akawu ya tura maka tawada, ka dangwala babban yatsa, ka saɓa kayanka ka tafi. Sai ƙarshen wata a cire a albashi. Auta, da a ce kuɗi nake zarowa daga aljihu in ƙirga in miƙa, da rabin abin da na ɗauka ban ɗauka ba, don miƙa kuɗi yana da zafi. Dangwale kuwa ba shi da zafi ko kaɗan. Yatsa ne kawai ya yi shuɗi, ka goge a wando.

Ranar da na gan ki zaune a ƙofar ɗaki kina shafa wayarki da babban yatsa, kina murmushi ke kaɗai, sai na gane yatsan. Nawa ne. Kantin ne dai suka ɗauke daga bakin masaƙa suka sa miki a tafin hannu, ba ya rufewa, ba ranar Lahadi. Don haka abin da nake roƙonki na fari, ki mayar wa kuɗi zafinsa. Bitrus ya ce katin bankinki a haɗe yake da wuraren sayayyar, taɓawa ɗaya kuɗi ya tafi. Ki raba su. Ranar da kuɗi ya shigo, kafin ki buɗe komai, ki biya na makaranta, ki je kasuwa da ƙafarki ki auno gari da wake da shinkafa da manja, ki tura ƙarƙashin gado. Abin da ya rage ki ciro shi ki riƙe a hannu ki ga kaurinsa. Wanda ya ga ƙarshen tuwonsa a kwano ya san yadda zai yanki loma.

Ba don kaina nake ɗaukar zannuwan ba, don uwarki Saratu ne. Ko in ce haka nake gaya wa kaina. A cocinmu akwai matan ma'aikatan gwamnati daga Barnawa, masu zuwa da mota. Ina zaune a layin maza ina leƙen layin mata, ina gwada zanen matata da nasu. In na ga wata ta sa sabo, Litinin yatsana yana cikin tawada. Saratu ba ta taɓa ce mini tana jin kunya ba. Ni ne mai jin kunyar, na ɗora mata.

Ki ji abin dariya. Akawun kantin yakan ce, "Yakubu, wannan saura biyu, kuma ba za a sake buga irinsa ba." Sai in yi wuf in dangwala. Wata mai zuwa kuma ni da hannuna zan ɗora abin buga wannan zanen a inji, mu yi ta zubo shi har ya gundure mu. Ni ke bugawa, amma kullum aka ce saura biyu sai gabana ya faɗi. Baba Sani ya ajiye biro yana dariya, ya ce, "Na sha gaya maka, ka ce baƙin ciki nake yi." Gaskiya ne, ya faɗa. Ya ce wayarki ma haka take yi, ta ce saura kaɗan, ragin zai ƙare kafin rana ta faɗi, har da agogo mai gudu. Auta, tufafi ba sa ƙarewa a duniya. Na ga ɗakin da ake yin su. Duk mai sayarwa da ya ce ki yi sauri, tsoro yake kada ki yi tunani.

Uwarki tana da wata al'ada da nake yi wa dariya. In ta ga zane ya burge ta a jikin wata, ba ta zuwa kasuwa. Teloli take bi ta roƙi ƙyallen irinsa cikin ragowar yanka. Ta kawo gida ta jiƙa da sabulun soda, ta murje, ta shanya a tsakiyar rana ta ga ko zai zuba ko zai koɗe. In ya tsira, sai ta ƙulle shi a bakin zanenta ta yi ta yawo da shi, ta je niƙa da shi, ta je zumuntar mata da shi. Takan ce, "Bari in ga ko ni nake son sa, ko idona ne." Yawanci kafin Lahadi ta zagayo sai ka ga ƙyallen a hannun Bitrus yana ɗaure kan 'yar motar gwangwaninsa. Son ya wuce, kuɗinta yana nan.

Ni kuwa ina shigowa da turmi a kafaɗa ina jiran yabo. Ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, ta ninke ta sa a akwati. Wata rana ƙarshen wata na miƙa mata abin da ya rage na albashi, ta duba, ta dube ni, ta ce, "Baban Bitrus, atamfa ba ta dahuwa a tukunya." Na ce mata ajiya ce, zane dukiya ne, ranar wuya za a sayar. Na ɗaga murya har maƙwabta suka yi shiru. Ta fita ta karɓo masara bashi a wurin wata 'yar cocinmu, ga akwati cike da zannuwan da ko kuɗin ɗinkinsu ba mu da shi.

Ranar wuyar ta zo. Masaƙa ta tsaya, jiniya ta yi shiru, aka ce mu je gida za a neme mu. Har yau ana neman mu. Ɗan abin da aka ba mu daga baya shi na sa a gonar Kakau, don uwarki ta tsaya kai da fata, wannan karon na ji maganarta. Muka shiga noma da ɗan dako, aka haife ki cikin wannan hali. Ba ki daɗe da shiga firamare ba ciwo ya kama ta.

Na ɗauki zannuwan a buhu na haye gada zuwa babbar kasuwa, ina tafe ina jin kaina mai dukiya. Wata Hajiya mai shagon atamfa ta zazzage su, ta shafa, ta ce, "Baba, kayanka masu kyau ne, irinsu ba a yi yanzu. Amma yayinsu ya wuce. Dubi can." Ta nuna mini na waje masu araha, jibge har rufi. Abin da ta ba ni na zane goma bai kai abin da aka cire mini na biyu ba. Ba ta cuce ni ba, kasuwa ce. Na tsaya a bakin shagon da buhu wayam a hannu, na tuna duk wata da aka yanke mini albashi. Da kuɗin nan na ajiye, ko akuya na saya, da uwarki ta ƙara kwanaki a gadon asibiti. Likita ya ce a bar ta a asibiti, na ce za mu ci gaba da magani a gida. Ba don gida ya fi ba ne, Auta. Kuɗin gado ne babu.

Ban ce da ta rayu ba. Rai na Allah ne, fasto ya gaya mini, Baba Sani ma ya gaya mini da nasa bakin. Amma ni na san abin da ya sa na ɗauko ta cikin keke napep, kanta a kafaɗata, tana ce mini ba komai. Tufa in ta shigo gida kuɗinta ya mutu, ba ya tashi. Ki riƙe wannan ko da kin watsar da sauran.

Yanzu ga abin da ya fi mini nauyi.

Kin tuna da takardar shigarki jami'a ta fito, kika same ni ina gyaran fartanya, kika durƙusa kika ce, "Baba, atamfar nan shuɗiya mai zanen zabbi da ke akwatin Mama, a ba ni in ɗinka in tafi da ita." Na ce ba a taɓa wannan. Kika ce don me, na ce don na faɗa. Kika tashi kika tafi. A wancan makon ne ledar farko ta iso. Baba Sani ya tona yanzu cewa shagonsa kike sa a kawo, don kada in gani, har wata rigar ta zo guntuwa kika ba shi ya ƙara mata tsawo. Na ce masa, "Ashe da kai aka haɗa baki." Ya ce, "Yarinya za ta shiga cikin 'ya'yan masu kuɗi da riguna biyu, ubanta yana zaune kan akwati kamar kaza kan ƙwai. In kai ƙararta wurin wa?"

Sai ranar da mai babur ya yi kuskure ya kawo gida. Na farke ledar a tsakar gida, na ɗaga rigar sama, shara-shara kamar ɓawon albasa, launinta ma ba irin na hoton ba, ke da kanki kin faɗa. Matan gidan haya duk suna wanki a bakin famfo. Na ce, "Ku zo ku ga abin da na jinginar da gona a kansa." Aka yi 'yar dariya. Na ga fuskarki. Sai da kika shige ɗaki na gane fuskar, irin wadda na yi ce ranar da helma ya tambaye ni ko da rigata aka haife ni. Abin da aka yi mini ya bi ni shekara da shekaru, na ɗauka na yi wa 'yata a gaban mutane. A tasha kika ce, "Sai wata rana, Baba," kina kallon tayar mota.

Na yi kuskure. Baba Sani ya ɗago kai ya ce in maimaita, wai tun muna samari bai taɓa jin kalmar nan a bakina ba, yana so ya tabbata kafin ya ɓata tawada. Na maimaita. Ki yafe mini.

Shi ya sa nake zargin ledojin da ke zuwa miki yanzu ba duka ba ne na son kwalliya. Ni ban taɓa dangwala yatsa ina cikin farin ciki ba. Sai an raina ni, ko na raina kaina. In kin ji hannunki yana ƙaiƙayin buɗe wurin rigunan nan, ki tsaya ki tambayi kanki wa ya ɓata miki rai yau. Wata ce ta kalli takalminki? Yunwa ce? Kewar gida ce? Ko ni ne? In ni ne, ki kira ni ki faɗa mini, zan yi shiru in ji, ya fi araha. Ban ce kada ki sa kaya masu kyau ba, budurwa ce ke. Amma ki yi irin na uwarki. An ce akwai kwando a cikin wayar inda ake ajiye abin da ake so kafin a biya. Ki sa rigar a ciki ki bar ta, Lahadi ta zagayo a kanta. In har lokacin kina son ta, abinci yana ƙarƙashin gado, ba ki taɓa na makaranta ba, ki saya da albarkata. Ko ki shiga gwanjo inda za ki taɓa da hannu ki ɗaga a rana. Wadda ta yi miki dariya a kan riga ba za ta zauna miki jarrabawa ba, kuma ranar da aka koro ki saboda kuɗin makaranta ba za ta rako ki tasha ba.

Game da atamfar nan mai zabbi. Cikin duk abin da ke akwatin, ita kaɗai uwarki ta nema da bakinta. Ta yi yawo da ƙyallenta har Lahadi ta wuce, wata Lahadin ma ta wuce, sannan ta ce, "Baban Bitrus, wannan ina so." Daga injinmu ta fito. Ranar da nake cusa sauran a buhu, ta miƙo hannu daga kan tabarma ta janye ta, ta sa ƙarƙashin matashinta. Ta ce, "Wannan ta Rahila ce. Ranar da za ta bar gidan nan zuwa wani abin kirki, a ɗinka mata." Ta ninke ta da hannunta.

Taki ce tun kina 'yar firamare, ni na danne. Ba rowa ba ce. Ninkin nan shi ne abu na ƙarshe a gidan da yake yadda hannunta ya bar shi. Nakan buɗe akwatin in duba, ban taɓa warwarewa ba. Da kika roƙa sai na ji kamar za a sake fitar da ita daga ɗakin. Maimakon in gaya miki haka, sai na ce don na faɗa. Na riƙe amanar matacciya na hana mai rai.

Shekaranjiya na kawo ta shagon nan. Baba Sani yana da awonki tun gyaran guntuwar rigar nan, kin ga ashe ita ma ta yi rana. Ya shimfiɗa a tebur, layin ninkin ya yi fari don daɗewa. Ya ɗauki almakashi ya ce, "Yakubu, in sa?" Na ce sa. Na fita na tsaya wurin mai rake har ya gama, don ban iya jin ƙarar ba. Ya yi miki riga da zane da ɗankwali, ya ƙi karɓar ko sisi, wai ladan haɗa baki ne. Za ki same su a ledar da ke tare da takardar nan, a hannun direban da Bitrus zai ba lambarki, da garin kwaki da ƙuli-ƙuli da 'yar jarkar manja. Kuɗi kam babu sai an cire masara a gonar da nake yi wa mutane aiki. Ki lallaɓa.

Ƙyalle biyu suka rage. Ɗaya yana aljihuna. Ɗayan na sa a cikin takardar nan. Ki cusa shi a bayan wayarki, cikin rigar robar nan da kike sa mata. In yatsan nan namu ya fara ƙaiƙayi, ki kifa wayar ki dube shi tukuna.

Ubangiji ya tsare ki a ɗaki da aji da hanya. Ya buɗe miki kai, ya ƙosar da idonki, ya sa ki gama abin da ya kai ki, ki dawo da ƙafarki ba a koro ki ba. Ya haɗa ki da masu tsoronsa. Amin. Baba Sani yana gaishe ki, ya ce in hammata ta matse ki aiko.

Ran Lahadi bayan an tashi coci zan zauna a ƙofar gida da waya a hannu. In ba ki shirya magana ba, ko filashin ki yi, zan san kayan sun isa.

Ni ne ubanki,
Yakubu